Manja a Kogin Batu

Ku da kuke cewa aikina ludayi ne da bokiti, ban musa ba, ludayi ne da bokiti. Jiya ma a nan mamak ɗin, gidan abincin Indiyawa Musulmi, na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai idan aike daga gida ya makara, zai bi ni Baba Sabo ya kwashi maiƙo na ɗan lokaci ya farfaɗo. To, ku matso da kujerunku, ku ajiye wayoyin nan, in gaya muku abin da ke bayan kicin ɗin da aka soya muku wannan gurasar roti.

Kowane gidan abinci a garin nan, in dai yana bin doka, akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin wurin wanke-wankensa. Ruwan wanke kwanuka ta cikinsa yake bi. Maiƙo ya taso sama ya maƙale, ragowar shinkafa da ƙayar kifi su nutse ƙasa, ruwan tsakiya kaɗai ya wuce kwata. Tarkon maiƙo ke nan. An tilasta wa masu abinci saka shi ne lokacin da hukuma ta tashi gyaran kogunan garin, domin duk abin da ya faɗa kwata, kogi ya nufa. Amma tarko in ya cika, da shi da babu duk ɗaya. Dole wani ya durƙusa ya ɗaga murfin. Ni ne wanin.

Ni ma karatu na zo yi nan Malesiya kamar ku, tun wasunku suna goye. Ni da karatun muka dubi juna, muka ga ba mu dace ba, muka rabu lafiya. Na auri 'yar ƙasa, na zauna a unguwar Chow Kit ina neman abin yi, har Allah Ya haɗa ni da maigidana a bayan kasuwa. Ɗan ƙabilar Tamil ne, sunansa Muniandi, amma kowa Ane yake ce masa, wato yaya a yarensu. Ni kuma yana ce mini Tambi, ƙane.

Tarkon farko da na buɗe, na wata kedai ce, wato shagon abinci, mai sayar da farfesun ƙashin sa. Ane ya miƙo mini ƙugiya, ya ja da baya can wajen ƙofa, ya ce in buɗe. Na ɗauka girmama ni ya yi. Warin masai mai gaskiya ne, tun daga nesa yake sallama. Na tarko kuwa laɓewa yake yi sai ka ɗaga murfi, sannan ya shige maka ta hanci da ido da kunne gaba ɗaya. Nan take na mayar wa ƙasar Malesiya karin kumallon da ta ba ni. Ane ya jira na gama, ya lakato man zafi ya goga mini a ƙarƙashin hanci.

Ya ce, "Tambi, darasi na farko. Ka duba inda iska take kaɗawa, ka ɗaga murfin ta inda za ta kai wa na kusa da kai."

Sai daga baya na gane ba ƙarfina ya sa ya ɗauke ni ba. Shi mabiyin addinin Hindu ne, ba ya son taɓa kitsen saniya, ni kuma ba na taɓa na alade. Muka raba garin biyu. Shanu nawa, aladu nasa. Kaza da kifi kuwa ba su da ɓangare, duk wanda ya makara da safe shi ke kwashe su.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ludayi mai dogon mariƙi, da faffaɗar wuƙar kankare gefen akwati, da rariya, da wata doguwar waya mai lanƙwasa da ake zura wa bututu in ya toshe, muna ce mata maciji. Sai durorin roba masu murfi, da tsohuwar a-kori-kurar Ane wadda ba a taɓa satar ta ba, ko da ya bar makulli a jiki. Inda aikin yake shi ne hannu. Maiƙon da ya daskare a sama, yankarsa ake yi a hankali kamar ana kwasar tuwo, malmala bayan malmala. Kuskure ɗaya, ka motsa ruwan, sai ya narke ya bi bututu, ka aika wa kogi tarin wata guda a tashi ɗaya, kuma mai kedai ya sallame ka yana godiya. Bayan na sama, ka ciro kwandon tsaki, ka kwashe laka ta ƙasa, ka kankare, ka cika akwatin da ruwan sanyi. Na sanyi na ce. Ruwan zafi aikin macuta ne.

Akwai wani mai mamak a unguwar Sri Petaling da tarkonsa kullum yake ƙyalli, sai ka ga fuskarka a ciki. Yana alfahari da shi, yana cewa yaransa ne ke da tsabta. Ane ya ɗaga murfi, ya shinshina, ya ce lallai kam. Ashe mutumin ya sa mai gyaran famfo ya kewaye da bututu ta bayan akwatin, ruwan ya zarce kwata kai tsaye, tarkon ado ne kawai don masu duba-gari. Ane bai yi masa gardama ba. Ya sayi koren kalar da ake sa wa kek, ya juye a wurin wanke-wanke lokacin da mutane suka cika suna makan, wato cin abincin rana, ya riƙo hannun mutumin ya fito da shi ƙofar kedai wai su sha iska. Sai ga kwatar gaban tebura ta zama kore shar, tana tafe da bawon albasa. Masu cin abinci suka ɗaga ƙafafu.

Ane ya ce, "Bos, wannan ruwan daga ina? Ai naka ta tarko yake bi."

Kashegari aka kira mu, an gyara bututun.

Da daɗewa sai ka iya karanta maiƙo kamar yadda kuke karanta allon waya. Na mamak rawaya ne saboda kori. Na Malayu toka-toka, mai tsami, saboda madarar kwakwa. Na 'yan Sin fari ne, da tauri kamar sabulu. Na Larabawa kitsen rago ne, in ya sha sanyi sai ka rantse kyandir ne. Ko a kwata na ga maiƙo yana tafiya, zan gaya maka wa ya yi girki.

A arewacin garin nan akwai wani dutse mai kogo, inda 'yan Hindu suke da babban wurin bautarsu, kun sha ganinsa a hoto da dogayen matakalansa. A gindinsa kogin Batu ya ratsa. Duk shekara suna da biki, kuma daga bakin kogin ake farawa: mutum ya yi wanka, ya ɗaura rawayan zane, ya ɗora tulun madara a ka, ya taka ba takalmi har cikin kogon. Ane ya ce lokacin yana yaro, cikin kogin mahaifiyarsa take shiga ta yi wankanta, shi yana riƙe mata zane a gaɓa. Lokacin da na san kogin kuwa kamar miyar da ta kwana uku yake, wanka sai a famfunan da ake jerawa a bakinsa. Duk sanda muka bi ta gadar wurin, Ane yakan rage gudu ya leƙa, ya yi tsaki, mu wuce.

Sai shekarar korona ta zo. Aka kulle gari, aka hana zama a gidan abinci, rabin kedai suka ja ƙofa. Mu an bar mu mu fita, tunda aikin tsabta ne, amma fita zuwa ina? Ka buɗe tarko ka tarar ya bushe ƙayau, ko kyankyasai sun yi ƙaura. Mai kedai da ke guje mana da, yanzu shi ke tsayar da mu hira don kawai ya ga mutum. Matata ta koma dafa mana shinkafa da ƙwai safe da yamma, har na fara jin kunyar kaji. Ane ya sayar da rabin durorinmu ga masu shuka barkono a baranda.

Abin haushin kuma, sai kogunan suka fara washewa. Masana'antu a rufe, kasuwa a rufe, ba mai soya komai. Mutane suna ɗaukar hoto daga tagogin benaye suna ta yabo. Wata safiya muka tsaya a gadar Batu, na ga abin da ban taɓa gani ba: duwatsu a ƙasan ruwa, da ƙananan kifaye suna ratsawa.

Ane ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tambi, shekara da shekaru muna kwasa, bai gyaru ba. Mun zauna a gida ya gyaru. Kada ka gaya wa kowa, sai a ce mu ne matsalar."

Cikin wannan hali cutar ta kama matarsa, aka kwantar da ita asibiti, ba a bari ko leƙa ta ya yi. Ya yi bakance irin na addininsu, in ta fito zai ɗauki tulun madara. Ta fito, ta rame kamar ba ita ba, amma da ƙafarta. Lokacin bikin ya matso, aka sake kulle gari, aka ce bana ba taro, ba famfuna, ƙofar kogon ma rufe ta za a yi. Ane ya ce bai dame shi ba, zai kai madararsa bakin ƙofa ya dawo. Wanka kuwa, tunda ba famfo, kuma kogi ya washe, cikin ruwan zai shiga yadda mahaifiyarsa take yi. Ya fara shiri, ya bar nama da kifi da albasa, ya koma kwana a ƙasa, ya bar zagin masu babur.

Ana saura 'yan kwanaki muka je duba wurin da zai shiga. Muna sauka gaɓa sai ga wani jan zare shimfiɗe a kan ruwa, yana fitowa daga bakin wata babbar kwata, yana tafe daidai inda Ane ya zaɓa. Ya karɓi ludayina ya ɗebo, ya murza da yatsa, ya kai hanci. Ni tun kafin ya ɗago na gane. Manja ne, har da ƙamshin daddawa.

Na ce, "Wataƙila kori ne, Ane. Mutanenku sun fara girkin biki."

Ya ce, "Kori rawaya ne. Wannan irin wanda nake gani a kwanon abincinka ne. Wuce gaba, hancinka ya fi sanin hanya."

Muka bi kwatar nan da takalman ruwa, muna ɗaga murafen kankare, duk inda ta rabu biyu mu bi inda ja ya fi yawa. Ina ta addu'a Allah Ya sa Inyamurai ne ko Yarabawa, in samu bakin magana. Ta kai mu bayan wasu jerin gidaje, muka tsaya a ƙofar baya ta wani gida inda bututu ke ta aman jan ruwa, rediyon waya kuma yana ta wa'azi da Hausa.

Gidan Maman Hanif ne. Mijinta yana karatun digiri na uku, ita kuma ta biyo shi. Da aka kulle gari, ɗalibai irinku suka maƙale a ɗakuna, kantin makaranta a rufe, jirgi ba ya tashi, sai ta ɗora manyan tukwane tana dafawa, ana zuwa ana tapau, wato a ƙulle a tafi da shi. Mai hali ya biya, marar hali ya ɗauka. Ina jin a cikinku akwai wanda ya ci wannan shinkafar, na ga wani ya sunkuyar da kai. Matsalar ita ce bizarta ta rakiya ce, ba ta yarda ta yi sana'a ba. In hukuma ta shigo kicin ɗin, abin ba zai tsaya a tara ba, karatun mijin ma sai ya tashi. Ga Ane kuma ya ciro waya, idonsa ya yi ja kamar manjan.

Na ce ya bari in yi masa tafinta, tunda ba ta jin yaren Malayu. Na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da muciya a hannu, ta dube mu sama da ƙasa, ta dubi rigunanmu masu ƙyalli.

Ane ya ce, "Gaya mata yanzun nan zan kira hukuma su rufe wannan kicin."

Na ce, "Maman Hanif, maigidana yana gaishe ki. Ya ce ƙamshin miyarki ne ya jawo shi tun daga bakin titi."

Ta ce, "To ya bi layi. Kuma ya janye ƙazamin takalminsa daga dakalina. Kai ma haka, Malam Sabo, da wani ludayinka kamar mai rabon koko a gidan yari."

Na juya ga Ane na ce, "Ta ce ta yi nadama ƙwarai, tana neman afuwa."

Ya ce, "Fuskarta ba ta yi kama da ta mai nadama ba."

Na ce, "Haka matanmu suke nadama."

Ya ce to in gaya mata ƙazamar mace ce marar tunani. Na gaya mata ya ce Allah Ya saka mata da alheri kan ciyar da ɗalibai. Ta ce in tambaye shi ko shi ne sarkin kwatar unguwa. Na gaya masa ta ce a shirye take ta bi duk abin da ya ce. Ina cikin jin daɗin yadda sulhu ke tafiya, sai ta jingine muciya, ta dubi Ane, ta buɗe baki da yaren Malayu tiryan-tiryan, irin na masu cinikin kifi a kasuwar Selayang.

Ta ce, "Ane, tafintan nan naka maƙaryaci ne. Na ji ka ce mini ƙazama. Faɗa mini da kanka, me na yi maka?"

Ane ya harare ni ya ce, "Na dai ga ita tana dogon zance, kai kana ba ni guntu."

Suka mai da ni gefe kamar bokiti. Ya nuna mata bututun, ya nuna mata kwatar, ya gaya mata inda take ƙarewa, da matarsa, da wankan da zai yi. Ita kuma ta buɗe ƙofar sosai ya ga robobin abinci a jere har bakin falo, kowace da sunan mai ita. Ya mayar da wayarsa aljihu.

Ta juyo ta ce mini da Hausa, "Ni wallahi na ɗauka can ƙarƙashin ƙasa yake tafiya. Wato bawan Allah zai yi wankan ibadarsa cikin ruwan wanke-wankena? A garinmu in mace ta zuba wannan a bakin rijiya, ai sai ta bar unguwar." Ta koma ta kashe famfo. "Kai kuma Malam Sabo, da ka faɗi haka tun farko, da ka huta da zunubi."

Ranar da yamma muka ciro tarko daga wata kedai da ta rufe ba ranar buɗewa, mai ita ya ce mu ɗauka ya huta da ganinsa. Muka yanka bututun Maman Hanif muka dasa shi, muka ba ta jarka ta riƙa juye man suya. Girkinta ya fi ƙarfin akwatin, sai an kwashe shi kusan kullum. Ane ya tambaye ta wane nama take sa wa miya, ta ce na sa. Ya dafa kafaɗata, ya yi murmushin da ban gani ba tun farkon kulle.

Ladanmu abinci ne. Da ta ji Ane ba ya cin nama da albasa, ta soya masa ƙosai nasa daban, wake da gishiri da barkono kawai. Ya ɓantara ya tauna, ya ce ai wannan vadai ne, irin soyayyen waken da suke yi. Ta ce sai dai in vadai ne ya kwaikwayi ƙosai. Tun daga ranar, in na je kwasa sai ya ce zai raka ni, wai don ya duba aikina.

Ranar bikin, gari na wayewa muka isa da a-kori-kura da rigunanmu na aiki. 'Yan sandan da ke tsare hanya suka ji warin motar, suka ɗaga mana hannu tun daga nesa. A gaɓa Ane ya tuɓe rigar, ya ɗaura rawayan zane. Ni na hau can sama da shi, na shiga ruwa har gwiwa da ludayi a dama, rariya a hagu, na juya masa baya. Ibadarsa ba tawa ba ce, ban kalla ba, kogin na tsare. Takunkumin fuska ya taho, na cafke. Kofin roba ya taho, na cafke. Silifa ƙafa ɗaya, na cafke. Sai ga wani ƙaton tsari ya doso yana kaɗa wutsiya, tsawonsa ya kusa nawa. Na yi masa magana da Hausa, na yi masa da Malayu, na daki ruwa da ludayi, sai da ya ga dama ya karkata. A bayana ina jin ƙarar ruwa yana zuba a kan mutum, da haƙora suna haɗuwa don sanyi. Ya fito, ya ɗora tulunsa, ya taka ba takalmi har bakin rufaffiyar ƙofa. Na jira shi a mota.

Kwana biyu bayan nan ya zo aiki jikinsa duk ƙuraje, daga wuya har idon sawu. Kogin ya washe a ido ne kawai. Likitar unguwarsu ta tambaye shi abin da ya taɓa, ya ji tsoron faɗa, ya ce wani abincin mutanen Afirka ya ci. Ni kuma ba na riƙe irin wannan maganar, na kai wa Maman Hanif da zafinta. Ta ce to, ƙosai ya ƙare. Ane ya daure ya daure, ranar da ya kasa ya je ƙofar bayanta yana susa da hannu biyu, ya amsa cewa kogi ne, ƙosai ba shi da laifi. Ta sa shi ya maimaita da ƙarfi don maƙwabta su ji, sannan ta miƙo masa ƙullin ƙosai da gwangwanin man kaɗanya.

A mota yana ci yana shafawa, na tambaye shi, da ya san zai yi wannan susar, da ya shiga?

Ya ce, "Baɗi ma in ya washe zan koma. Sosa mini nan, tsakiyar baya, hannuna bai kai ba."

Bai washe ba. Aka buɗe gari, kowa ya koma suyarsa, kogin ya koma kalarsa, mu kuma aiki ya yi mana yawa har muna ƙin wani. Da shekara ta zagayo, a famfo Ane ya yi wankansa cikin jama'a. Amma kafin ya ɗauki tulu, sai da ya bar layi ya gangara bakin kwatar nan da rawayan zanensa, ya durƙusa ya leƙa. Yana dawowa ya kira ni a waya, ganguna suna tashi a bayansa.

Ya ce, "Tambi, akwai baƙi, akwai rawaya, akwai wani shuɗi da ban san ko na wane ne ba. Ja dai babu. Gobe ka zo da wuri, mu bi shuɗin."